Kano Zuwa Jidda: Tafiyar da Aka Taɓa Ƙirgawa da Damina

Idan aka ja zare miƙe a kan taswira daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, za a sami kilomita 3,400 da 'yan kai. Jirgin da ya bi wannan zare, ya keta saman yankin Tafkin Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, yakan cinye tazarar cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Da yake agogon Saudiyya ya riga na Nijeriya da sa'a biyu, maniyyacin da ya tashi daga Kano da ƙarfe goma na dare zai sauka wajen ƙarfe biyar na asuba a agogon can.

Filin jirgin yana arewacin birni, don haka manoman Ungogo da Minjibir da Gezawa sun fi kowa sanin ƙugin jiragen alhazai. A ƙasarsu, da sauran karkarar arewacin Kano irin su Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Ɗambatta, wannan nisa ya daɗe yana da ma'aunai da ba kilomita ba. An auna shi da yawan daminar da za ta wuce mutum ba ya gida. Daga baya aka auna shi da buhunan gyaɗa. Yau ana auna shi da miliyoyin naira. Duk lokacin da ma'aunin ya sauya, mutanen da ke iya zuwa ma sukan sauya.

Sai an san irin ƙasar kafin a gane nauyin damina ɗaya a cikinta. Kewayen Kano na cikin wuraren da jama'ar karkara suka fi cunkoso a duk yankin da ke kudu da Sahara. Lokacin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960, ya tarar da sama da mutum 200 a kowace murabba'in kilomita, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana nome ta kowace shekara. Babu saura, babu dajin da za a sare a yi sabuwar gona. Iyakar wannan gona ita ce farkon waccan, sai jeren gamba ko cediya ko aduwa da ke nuna inda haƙƙin wani ya tsaya. Abin da ke riƙe da albarkar irin wannan ƙasa shi ne taki: kashin awaki da tumaki da aka tara a turke duk rani, da tokar murhu, da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa a mangala bayan sun kai itace ko hatsi kasuwa. Gonar da ba ta hutawa ba ta yafe sakaci. Aka yi damina biyu ba a kai mata taki ba, sai damman gero su ragu kowa ya gani. Mai ita ya yi nisan kiwo ya daɗe, sai ta koma hannun ƙane ko hannun wanda aka jinginar wa, ko kuma dagaci ya ba wani mai buƙata, domin a inda ƙasa ta yi ƙaranci ba a barin ta kwance.

To, a irin wannan wuri ne mutum zai ce ya yi niyyar gabas.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, ta sauƙaƙa wa talaka wannan niyya ta wata fuska da sauran mazhabobi ba su yi ba. A wurin malaman Malikiyya ikon zuwa aikin hajji bai rataya ga mallakar guzuri da abin hawa ba. Wanda ke da ƙarfin tafiya da ƙafa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko. Saboda haka wanzami da maɗinki da baduku da mai sayar da ruwa da almajiri mai rubutun sha duk suna da abin biyan kuɗin hanya, wato hannunsu da lokacinsu.

Hanyar ta sauya a tsawon tarihi. Manyan sarakunan da, irin su Mansa Musa a 1324, ta Sahara suka bi suka ɓulla Masar. Amma a ƙarni na 19 da na 20 hanyar talakawa ita ce wadda ta miƙe gabas ta cikin ƙasashen da ake noma: daga Kano zuwa Barno, a tsallaka zuwa Fallomi, garin da yau ake kira Njamena, a bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Janaina da Alfashir, a wuce Kurdufan zuwa Al'ubayyid, a isa bakin Nilu, sannan a nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da a ce mutum zai iya bin zaren taswira yana cin kilomita 20 kullum ba fashi, kwana 170 sun ishe shi. Ba wanda ya yi haka. Hanya tana da lanƙwasa, rijiyoyi suna da nisa, kuma guzuri yakan ƙare tun ba a bar Barno ba. Sai a yada zango, a yi ƙodago a gonar wani damina guda, a tara abin da zai kai mutum gari na gaba. Zuwa da dawowa kan ci shekaru, wani lokaci har yaron da aka goya a fita ya dawo da gemu. Da yawa kuwa ba su dawo ba.

Shi ya sa sallamar mai hajjin ƙafa ta yi kama da sallamar mai barin duniya. Yakan biya bashi, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, ya bar wasiyya, ya danƙa gandu ga ƙane ko babban ɗa. Wanda ya tafi da iyalinsa kuwa sau da yawa sayar da gonar yake yi ko ya jinginar. Ga waɗanda aka bari a gida, littattafan fiƙihu sun tanadi hukuncin wanda ya ɓace: matarsa ta kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda, dukiyarsa kuma ba a raba ta gado sai an kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye. A ƙauyen da gona ɗaya ke ciyar da gida uku, ana iya hasashen irin rigingimun da wannan jira ya haifar.

Zuwan Turawa ya ƙara wa hanyar gabas jama'a. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wannan gari ya zama masauki ga masu zuwa a baya. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda ke buƙatar hannaye da yawa. Manomin da ya saba da noman ƙasar Kano mai cin rai ya sami inda za a biya shi ladan ƙwarewarsa. Wasu suka tara kuɗi suka wuce. Wasu suka ce sai baɗi, baɗi ta zama shekara talatin. Jikokinsu na nan a Sudan, ana kiran su Takari ko Fallata, kuma mai binciken da ya zauna da su, Bawa Yamba, ya tarar da waɗanda aka haifa a can, iyayensu ma a can, amma suna ɗaukar kansu matafiya da ba su ƙarasa Makka ba tukuna.

A wannan shekara ta 1925 ne wani abu ya bi hanyar alhazai ta sama, daga gabas zuwa yamma. Ranar 27 ga Oktoba jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka bi ta Hartum, suka yanko yamma ta Kurdufan da Darfur da Chadi da Maiduguri, suka sauka Kano a filin wasan dawaki ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Kwana shida. Zangunan da matuƙan suka sha mai su ne kusan zangunan da mai hajjin ƙafa ke yin damina a cikinsu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin jirgin wancan zamani, kamar jaki, ba ya nisa da inda ruwa da mutane suke.

Ba don alhazai aka buɗe wannan hanya ba. Daular Ingila ce ke son haɗa yankunanta. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, yana ɗauke da wasiƙu da 'yan fasinjoji ƙalilan, daga baya ya miƙa har Legas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe Bahar Rum, sai hanyar ta zama jijiya: daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fallomi da Alfashir da Hartum zuwa Masar. Sama da jirage 5,000 suka bi ta nan. Bayan yaƙi Kano ta gaji fili mai kyau, ta zama mashayar jiragen Turai masu tsallake Sahara zuwa Legas da Kwango da Afirka ta Kudu.

Tsakanin ƙafa da jirgi akwai zamanin mota, kuma shi ne ya fara rage tafiyar daga shekaru zuwa watanni. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma. Taƙaitaccen sunanta na Turanci, WAPA, shi ne ya bi unguwar nan ta Fagge da yau aka sani da canjin kuɗi. Manyan motoci kan kwashi maniyyata su bi turbar Chadi da Darfur har inda layin dogo na Sudan ya fara, jirgin ƙasa ya kai su gaɓar teku. Mota na son rani, domin da ruwa ya sauka turbar Chadi sai ta zama taɓo. Manomi ma rani ne lokacinsa. Kuɗin mota kuwa gyaɗa ce ta samar da shi. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, manoman wannan yanki suka rungumi gyaɗa, dalar buhuna ta tashi a birni, kuɗi ya shiga ƙauye a kowace kaka. Mai gandu babba da ya yi shekara uku ko huɗu yana samun gyaɗa mai kyau, ya haɗa da kuɗin bijimin da ya turke, ya fara ganin Makka a matsayin wurin da za a je a dawo a tarar da gona.

A shekarun 1950 jiragen haya suka fara ɗaukar alhazai daga Kano, da farko sarakuna da 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa. Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, daga nan kuma gwamnatin Arewa ta sa hannu sosai a sha'anin. Jirage masu farfela sai sun sauka a hanya sun sha mai. Da manyan jirage irin su Boeing 707 suka shigo, tafiyar ta koma zama ɗaya. Saurin ya zo da tambayoyin da malaman da ba su fuskanta ba: mai tafiya a ƙasa yana ganin miƙati da idonsa ya tsaya ya yi wanka, mai tafiya a sama kuwa yana wuce daidai da shi cikin ƙiftawar ido, don haka sai an sanar da shi, ko ya ɗaura harami tun kafin ya hau.

Saurin ya kuma zo da irin nasa makoki. Da can labarin mutuwar alhaji yakan iso ƙauye bayan shekaru, daga bakin wani mai dawowa, ko kuma kada ya iso sam. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas aka karkato shi zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka cikin hazon hunturu. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 da ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Gidaje da yawa a gari ɗaya suka zauna zaman makoki rana ɗaya.

Shekarun 1970 ne suka juya lissafin gaba ɗaya, kuma juyin bai yi wa manomi daɗi ba. Kuɗin man fetur ya ƙarfafa naira, kujerar Makka ta yi araha ga ma'aikaci da ɗan kwangila da ɗan kasuwa, har adadin alhazan Nijeriya ya haura 100,000 a 1977. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975 ta karɓe ragamar jigila. Amma a daidai wannan lokaci fari na 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin arewacin Kano, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dala ta ɓace daga birni. Hanyar ƙasa ita ma tana rufewa: yaƙin basasar Chadi da ya fara a tsakiyar shekarun 1960, da tsaurin iyakoki, da buƙatar fasfo da biza da katin allura. Masanin ƙasa Birks ya iske masu bin ta ƙasa har farkon shekarun 1970, amma sun zama tsiraru. Daga 1988 kuma Saudiyya ta fara aiki da tsarin kaso, mutum ɗaya cikin kowane Musulmi dubu na ƙasa. Kason Nijeriya daga 2023 zuwa 2025 ya kasance kujera 95,000.

A nan ne ya kamata a yi wa jirgi adalci ta fuska biyu. Ya mayar da alhaji gida. Matar da a da za ta jira shekara huɗu gaban alƙali, yanzu mako biyar ko shida take jira, a dawo mata da dabino da zamzam da bagaruwa. Tsofaffi da mata, waɗanda turbar Darfur za ta kashe, sun sami zuwa. Gonaki sun daina salwanta saboda rashin mai su. Amma jirgi ba ya karɓar abin da talaka ke biya da shi a da. Ba a yi wa matuƙi aski a rage kuɗin kujera, ba a sauka a Abeshe a yi ƙodago. Dole kuɗin ya cika, a dunƙule, kafin ranar da hukuma ta sa. Hukuncin Malikiyya game da mai sana'a da ƙarfin ƙafa yana nan a littafi, sai dai hanyar da za a yi aiki da shi ce babu. Kujerar da ta kusa naira miliyan uku a 2023 ta haura miliyan takwas a 2025. Manomi mai kadada ɗaya ko biyu, wanda geronsa da ƙyar ke kai shi bazara, ba shi da abin da zai kai wannan kuɗi in ba gonar kanta ba. Saboda haka tsohuwar barazanar ta dawo ta wata ƙofa: da rashin mai gona ne ke cinye gona, yanzu kuɗin kujera ne. Yawancin alhazan karkara a yau ko dai masu kiwon turke da fataucin hatsi ne, ko waɗanda ɗa a birni ya biya wa, ko waɗanda kujerar gwamnati ko ta ɗan siyasa ta faɗo wa. Shirin adashin gata da hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar a 2020 yunƙuri ne na mayar wa mai ƙaramin ƙarfi damar biya da lokaci, amma faɗuwar naira kan riga mai tari gudu.

Sa'a biyar ɗin ma ba ita ce dukkan tafiyar ba. Daga Ɗambatta zuwa filin jirgi bai kai kilomita 100 ba, amma maniyyaci na iya kwana biyu ko uku a sansanin alhazai yana jiran a kira jirginsa, haka kuma a dawowa. Damina kuwa ba ta fita daga lissafi ba. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka aikin hajji yana zagaye yanayi cikin shekara 33. Hajjin 1973 ya faɗo cikin hunturu, lokacin da rumbu ke cike, hannu ba aiki. Na 1991 ya faɗo a Yuni. A 2023 an yi tsayuwar Arfa ranar 27 ga Yuni, a 2024 ranar 15 ga Yuni, a 2025 ranar 5 ga Yuni. Yuni kuwa shi ne watan da arewacin Kano ke dakon ruwan shuka. Magidancin da ya tafi a irin waɗannan shekaru yakan bar shuka da noman firi a hannun 'ya'ya da 'yan ƙodago, yana Mina yana bugo waya yana tambaya ko an yi ruwa, ko an shuka gonar bayan gari, ko takin zamani ya iso.

Zaren taswira ma ba kullum ake samun bin sa ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar makonni kaɗan kafin fara jigilar alhazai. Jiragen Nijeriya suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. A ƙasa kuma, garuruwan da aka riƙa ambata a labaran yaƙin su ne tsofaffin zangunan hajjin ƙafa: Janaina, Alfashir, Al'ubayyid. A watan Disambar 2023 yaƙin ya shiga Jazira, Wad Madani ta faɗi, a 2024 ya gangara jihar Sinnar. Cikin waɗanda suka ɗaure kaya suka bar gonakinsu har da jikokin mutanen da suka baro Kano da Sakkwato da Barno da ƙafa shekara ɗari da suka wuce.